Darasi na Tara: Kare Duƙushi daga Ciwon Huhu

Kalmomi biyar za mu yi ta cin karo da su a wannan darasi: duƙushi, dakashi, huhu, garkuwa, filasma. Malami zai rubuta su a allo, kowa ya kwafa a littafinsa kafin a fara karatu. Huɗu daga ciki tun muna yara muke jin su. Filasma ce kaɗai baƙuwa, kuma kafin mu tashi za mu saba da ita.

Duƙushin kawuna

Ina yaro, kawuna yana da wata goɗiya ja mai farin goshi. Wata goma sha ɗaya ya yi yana ɗawainiya da cikinta, harawar wake da dusa da kanwa ba su taɓa yanke mata ba. Ta haihu a ƙarshen hunturu, da asuba, namiji. Duƙushi ne kyakkyawa mai dogayen ƙafafu, ga fari a goshi irin na uwarsa. Tun bai yi mako ba mutane suka fara taya shi, kawu ya ce ba na sayarwa ba ne.

A wani ɗan fili bayan gida ake ɗaure su, inda dawaki suka yi shekara da shekaru suna tsayawa. Ƙasar wurin ta zama gari, kashin doki ya bushe ya marmashe ya gauraye da ita. Ni ne mai shara. Kullum da safe in ɗauki tsintsiya in tayar da ƙura har ba a ganin turke, shi kuwa duƙushin yana kwance a ciki, hancinsa a ƙasa.

Da ya kai wata biyu, ana tsakiyar bazara, sai na lura ya rage tsalle-tsalle. In ya ɗan bi uwarsa da gudu sai ya ja ya tsaya, ƙofofin hancinsa a buɗe, haƙarƙari yana sama yana ƙasa. Yana shan nono, bai rame ba, saboda haka aka ce zafin rana ne. Bayan kwana biyar ya fara tari mai nauyi. In ka kara kunne a ƙirjinsa sai ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Aka jiƙa sassaƙe, aka yi turare, wani ya ce bakin mutane ne. Ranar da aka kira malamin dabbobi ya yi masa allura, kashegari ya mutu.

Malamin ya nemi izini ya buɗe ƙirjin, ina tsaye a gefe. Huhun nan cike yake da ƙulle-ƙulle, wasu kamar gyaɗa, wasu sun kai girman goro. Ya tsaga ɗaya da wuƙa, sai ga mugunya mai kauri kamar cuku. Ya ɗaga kai ya dubi kawu ya ce, "Baba, wannan ba ciwon kwana biyar ba ne. Ya daɗe yana cin sa a ɓoye."

Har yau ina jin wannan magana a kunnena, kuma a kanta aka gina darasinmu. Ranar da mai doki ya ji tari, ciwon ya riga ya yi makonni a ciki. Wanda yake son ya tsare duƙushinsa, tun kwana biyun farko zai fara.

Ƙwayar da ke ɓuya a ƙura

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke kawo wa duƙushi ciwon huhu, amma akwai guda ɗaya da masu kiwon dawaki a duniya suka fi jin tsoro. Likitoci suna kiranta Rhodococcus equi. Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Suwidin mai suna Magnusson ne ya fara gano ta a 1923, a huhun duƙusan da suka mutu. Mutanen Ostireliya kuwa sun raɗa wa ciwon suna daga ƙarar nan da ƙirji ke yi, irin wadda na ji da kunnena.

Gidanta ƙasa, abincinta kashin dabbobi masu cin ciyawa, musamman na doki. Ana samun ta kusan duk inda ake kiwo a duniya. Tana son ɗumi, kuma bushewa ba ta kashe ta da wuri. Kashi ya bushe, kofato ya tattake shi, iska ta ɗauka, duƙushi ya shaƙa. Ku tuna da yadda bargarmu take tsakanin hunturu da bazara, sai ku gane dalilin da ya sa wannan magana ta shafe mu.

Babban doki yana shaƙar ta ko a jikinsa. Duƙushi ɗan wata ɗaya zuwa wata shida ne take kayarwa, domin garkuwar jikinsa ba ta gama ƙwari ba. A cikin huhu akwai wasu ƙananan halittun jiki masu aikin dogarai, duk baƙon abin da ya shigo su kama shi su haɗiye su narkar. Ita wannan ƙwaya in an haɗiye ta ba ta narkewa. Sai ta zauna a cikin dogarin, ta hayayyafa, ta mai da shi ɗakin kwananta. Daga nan ne ƙulle-ƙullen mugunya ke tasowa, kuma shi ya sa magani ke shan wahala kafin ya kai gare ta. Dangi ɗaya suke da ƙwayar tarin fuka ta mutane, halinsu ɗaya na ɓuya da cin jiki a hankali.

Masu bincike sun gano cewa a makon farko zuwa na biyu bayan haihuwa ne duƙushi ya fi sauƙin kamuwa, amma alama ba ta fitowa sai an yi makonni. Kuma har yanzu ba a sami allurar rigakafi da ake yi wa duƙushi ta hana wannan ciwo ba. Wannan ne ya sa likitoci suka koma neman yadda za a ara masa garkuwa daga jikin wani doki.

Dakashi, aron farko

Jaririn ɗan Adam tun yana ciki yake samun garkuwa daga jinin mahaifiyarsa. Duƙushi ba haka yake ba. Mabiyiyar goɗiya tana da kauri, garkuwa ba ta iya ratsa ta, saboda haka yana faɗowa duniya kusan babu komai a jininsa na yaƙi da cuta. Duk abin da zai kare shi a watannin farko yana cikin dakashi, wato nonon farko mai kauri, mai yauƙi, mai launin ɗorawa.

A nan lokaci ne komai. Hanjin sabon duƙushi yana da wasu ƙofofi da garkuwa ke bi ta shiga jini. A awa shida zuwa takwas na farko ƙofofin a buɗe suke sosai. Daga nan su fara rufewa, kafin a cika awa 24 sun rufe ruf. Dakashin da ya sha bayan haka abinci ne kawai, ba zai shiga jini ba.

Likitocin dawaki suna da wata ƙidaya mai sauƙin riƙewa, ɗaya, biyu, uku. Cikin awa ɗaya duƙushi ya miƙe tsaye. Cikin awa biyu ya kama nono. Cikin awa uku mabiyiya ta faɗo. In ɗaya daga ciki ya saɓa, a kira likita, kada a ce bari mu ga gobe.

Kada ka yarda da ganin kansa a ƙarƙashin uwar kawai. Durƙusa ka duba. Wani duƙushin yana ta laluben cinya da ciki, bai kama kan nonon ba. In yana sha da gaske za ka ga maƙogwaronsa yana motsi, ka ji ƙarar haɗiya, hantsar uwar kuma ta saki. Goɗiya mai haihuwar fari wani lokaci tana jin zafi ta riƙa harbi, sai an riƙe ta an lallashe ta. Akwai kuma goɗiyar da nono ke ɗiga mata kwana biyu ko uku kafin haihuwa, har ka ga ya bushe a ƙafafunta na baya. Wannan dakashinta ne ya zube a ƙasa, ɗanta zai sha nono ya ƙoshi amma garkuwar da zai samu kaɗan ce. Mai irin wannan goɗiya ya faɗa wa likita tun kafin ta haihu.

Na san a wasu gidaje har yanzu ana tatse dakashi a zubar, wai dauɗa ne, ga mata ma haka ake yi musu. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna roƙon a daina yi wa jarirai haka. Ga duƙushi kuwa abin ya fi muni, tunda shi ba shi da wani tanadi daga ciki.

In duƙushi ya kasa kama nono, a wanke hannu da hantsa, a tatsi dakashin a kwano mai tsabta. In yana iya tsotsa, a ba shi da kwalba mai kan roba, yana tsaye ko yana kwance a kan ƙirjinsa, kada a ɗaga kansa sama. In ba ya tsotsa, kada a yi masa ɗura. Ɗura tana kai nono cikin huhu, sai a jawo ciwon da ake gudu. Likita yana da robar da yake zurawa ta hanci har cikin ciki. Mai goɗiyoyi da yawa kuma, in yana da firiza mai wuta tsayayya, zai iya tatsar kamar rubu'in lita daga goɗiya mai yawan dakashi bayan ɗanta ya sha, ya daskarar, ya ajiye wa wani. Yana kaiwa shekara bai lalace ba muddin bai narke ba.

Akwai gwajin jini da ake yi tsakanin awa 12 zuwa 24 da haihuwa, wanda ke nuna yawan garkuwar da ta shiga. In awon ya haura 800, an dace. In ya gaza 400, duƙushin a fili yake, kowace cuta tana iya shigarsa ta cibiya ko ta hanji ko ta huhu. To, in an gano haka bayan ƙofofin hanji sun rufe, hanya ɗaya ce ta rage, a zuba garkuwar kai tsaye cikin jijiya. Nan filasma take shigowa.

Mece ce filasma?

In aka ɗebi jinin doki a leda mai maganin hana daskarewa, aka rataye ta a wuri mai sanyi, sai jinin ya rabu biyu. Jan ya kwanta a ƙasa, wani ruwa garai-garai mai launin ɗorawa ya taso sama. Wannan ruwan shi ne filasma, muna iya ce masa ruwan jini. A cikinsa garkuwa take. Jinin doki yana da saurin rabuwa da kansa, ba kamar na saniya ba, cikin 'yan awoyi sai ka ga layin ya fito sarai.

Filasma iri biyu ce, kuma ya kamata mu bambance su, domin ana yawan cuɗa su.

Na farko filasma ce ta yau da kullum, daga lafiyayyen doki. Aikinta cike gurbin dakashi. Likita mai kayan aiki yana iya haɗa ta daga dokin da ya zaɓa ya gwada jininsa. Wadda aka ɗiba daga dokin da ya daɗe a wurin ma tana da wani amfani, domin garkuwarsa ta san cututtukan wannan yanki.

Na biyu filasma ce ta musamman. Akwai kamfanoni a ƙasashe irin su Amurka da Ostireliya da ke kiwon dawaki domin wannan aiki kaɗai. Ana yi wa dawakin allurai a kai a kai da ƙwayar Rhodococcus da aka sarrafa, har jininsu ya cika da garkuwar da ta san wannan ƙwaya. Sai a tace ruwan jinin, a mayar musu da jan, a ɗura ruwan a leda lita-lita, a daskarar. Masu bincike a jami'ar Texas A&M ta Amurka ne suka fara nuna amfaninta a 1989, kuma tun daga nan manyan gidajen kiwon dawakin sukuwa, irin na jihar Kentaki, suke amfani da ita. Yadda aka saba shi ne a ba duƙushi lita ɗaya kafin ya wuce kwana biyu da haihuwa, a ƙara masa wata lita tsakanin mako biyu zuwa huɗu. Bincike na baya-bayan nan a Amurka ya nuna waɗanda aka ba lita biyu tun farko sun fi waɗanda aka ba lita ɗaya tsira daga ciwon. Lita ɗaya kamar leda biyu ce ta fiya wata.

Ku lura da lokacin: kwana biyun farko, duƙushi yana lafiya lau. Wannan filasma rigakafi ce. Wanda ya jira sai tari ya fara sannan ya nema, ya yi asarar kuɗinsa.

Sai mu faɗi gaskiyar da mai talla ba zai faɗa ba. A wasu gwaje-gwajen filasmar ta rage yawan masu kamuwa da tsananin ciwon, a wasu kuma ba a ga bambanci mai yawa ba. Ƙarfinta ma yana bambanta daga leda zuwa leda. Tana ragewa ne, ba ta kawar da ciwon gaba ɗaya. Ga tsada, ga shi dole ta zauna a daskare tun daga inda aka yi ta har ranar amfani, wanda kowa ya san ba ƙaramin aiki ba ne a wurin da wuta ke zuwa tana tafiya. Saboda haka likitoci suna ba da shawararta ne ga gidan da ciwon ke maimaituwa shekara bayan shekara. Mai bargar da ke hayayyafar dawakin folo ko na sukuwa, goɗiyoyi goma ko ashirin a wuri ɗaya, in yana rasa 'ya'ya kowace shekara, ya cancanta ya zauna da likitansa a kan wannan magana. Mai goɗiya ɗaya a ƙauye kuwa, a ganina, kuɗinsa ya fi amfani a wurin gwajin jini da ma'aunin zafi da gyaran barga.

Yadda ake yin ƙarin

Na taɓa tsayawa ana yi wa wani duƙushi ɗan kwana ɗaya ƙarin filasma, wanda uwarsa ta zubar da dakashinta kafin haihuwa. Likita ya sa ledar a bokitin ruwa mai ɗumi, yana ta tsoma hannu yana ji. Ɗan barga ya kawo butar tafasasshen ruwa don a yi sauri, likita ya tare shi ya ce, "A'a ɗana, mai da ita. Ruwan zafi dafa garkuwar zai yi, kamar yadda yake dafa ƙwai." Ɗumin jiki ake so, wajen 37 a ma'auni. Aka shimfiɗa tabarma mai tsabta a inuwa, aka kawo uwar kusa yadda za ta riƙa ganin ɗanta, mutum biyu suka riƙe shi. Likita ya aske gashin wuya, ya wanke wurin sau uku, ya sa robar allura a babbar jijiyar wuya. Robar ƙarin tana da matata a tsakiya mai tare gudaji, ba irin ta ƙarin ruwa ba ce. Minti goma sha biyar na farko ɗigo-ɗigo ya sake ta, hannunsa a kan ƙirjin duƙushin, idonsa a kan hancinsa. Abin da yake tsoro shi ne jiki ya ƙi baƙon ruwa: rawar jiki, haki, zufa, kumburin fata. Da an ga haka sai a tsayar nan take. Da bai ga komai ba ya ƙara gudu, kafin awa ɗaya leda ta ƙare, duƙushin ya miƙe ya nufi hantsar uwarsa.

A wani aji da na koyar da wannan darasi, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to me zai hana mu ɗebi jinin uwar da kanmu mu sa masa? Ai jininta jininsa ne."

Na ce, "Baba, tambayarka ta yi kyau, amma akwai haɗari uku." Na farko, wata goɗiyar tana ɗauke da garkuwar da ke faɗa da jan jinin ɗanta, in ɗan ya gaji irin jinin ubansa. In aka zuba masa, jininsa zai farfashe, idonsa ya yi ɗorawa. Shi ya sa likitoci suka fi son dandaƙaƙƙen doki, ko goɗiyar da ba ta taɓa ciki ba, kuma wanda ba a taɓa yi masa ƙarin jini ba. Na biyu, akwai cututtukan da ke zaune a jinin babban doki bai nuna ba, irin wanda kaska ke sawa da sammore, sai gwaji ke tona su. Na uku, duk dattin da ya bi allura ya shiga jijiyar ɗan kwana ɗaya, kai tsaye zai zagaya jikinsa. Wannan aikin likita ne. Asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, wurare ne da za a nemi shawara, kuma malamin dabbobi na ƙaramar hukuma zai iya haɗa mutum da su.

Abin da ke hannunmu yau

Wurin haihuwa ya zama daban da matsayar dawaki ta kullum. A nemi wurin da ba a daɗe ana tara kashi ba, mai inuwa, mai shan iska, a shimfiɗa ciyawa busasshiya mai tsabta. Da an haihu a tsoma cibiya a maganin da likita ya bayar, sau biyu ko uku a rana, kwana biyu zuwa uku. Kada a shafa mata toka ko ƙasa.

Shara ita ce inda ni na yi kuskure ina yaro, don haka zan tsaya a kanta. A fitar da goɗiya da ɗanta tukuna. A yayyafa ruwa, sannan a share. A bari ƙura ta kwanta kafin a dawo da su. Kashi a kwashe shi kullum tun yana ɗanye, a kai juji nesa da barga, ta gefen da iska ba ta kaɗowa. Manomi zai yi murna da shi, taki ne mai kyau. Harawa mai ƙura a kakkaɓe ta a waje ko a ɗan yayyafa mata ruwa. Kada a toshe barga ruf saboda sanyin hunturu, a tare ɓangaren da iska ke bugowa da zana, a bar sama a buɗe. An kuma lura cewa ciwon ya fi yawa inda aka cunkusa goɗiyoyi da 'ya'yansu a ƙaramin fili, don haka a rarraba su in da hali. Duk da haka, wanda ciwon ya shiga bargarsa kada ya ɗauka lallai sakacinsa ne, har gidajen da suka fi kowa tsabta da kuɗi yana shiga.

Sai ma'aunin zafi, irin na kemis mai nuna lamba. A shafa masa ɗan mai, a tsaya a gefen duƙushi, ba a bayansa ba, a ɗaga wutsiya a sa a dubura har ya yi ƙara. Lafiyayyen duƙushi yana tsakanin 37.5 da 38.9. A auna da sassafe kafin rana ta yi zafi, a rubuta a littafi da kwanan wata. A nan ne karatunmu na yaƙi da jahilci zai yi rana, domin likita ya fi gane lambobin mako biyu a rubuce da a ce masa "jikinsa da ɗan ɗumi". A ƙirga numfashi kuma yana hutawa a inuwa. Bayan kwanakin farko, 20 zuwa 40 ne a minti ɗaya. In zafi ya kai 39 ya wuce, ko numfashi ya haura 40 yana kwance, ko ciki yana taya ƙirji ja, a kira likita ranar. Wani lokaci ciwon yana zuwa da zawo, ko gaɓoɓi su kumbura alhali ba ya ɗingishi, ko ido ya yi hazo. Majina ba lallai ta fito ba, kada a jira ta.

In ciwon ya riga ya kama

Alluran da aka saba yi wa dabbobi yawanci ba sa gamawa da wannan ƙwaya, domin ba sa ratsa mugunya su shiga maɓoyarta. Magani biyu ake haɗawa ta baki: rifamfisin, wanda masu tarin fuka suka sani, tare da azitromaisin ko wani ɗan'uwansa. Ana yin makonni ana sha, sau da yawa huɗu zuwa takwas. Fitsari zai yi ja-ja saboda rifamfisin, wannan ba abin tsoro ba ne.

Abubuwa biyu ne abin tsoro. Dangin azitromaisin suna rage wa duƙushi zufa, doki kuwa da zufa yake huce zafi. Duƙushin da ke shan wannan magani in aka bar shi a ranar bazara zai iya mutuwa saboda zafi, ba saboda huhu ba. A ajiye shi a inuwa mai iska tun hantsi har la'asar, ruwan sha a gabansa, in jikinsa ya ɗau zafi a jiƙa shi. Na biyu kuma uwar ce. Wannan magani yana jawo wa babban doki mugun zawo da zai iya kashe shi. A goge bakin duƙushi bayan an ba shi, a kwashe kashinsa da wuri, kada uwar ta lasa.

Kada kuma a sayi maganin nan a riƙa ba lafiyayyun duƙusai wai don rigakafi. A Kentaki an yi shekaru ana yi wa duƙusai sikanin ƙirji, duk wanda aka ga ɗan tabo a huhunsa a ɗora shi a kan magani. Sakamakon haka aka sami ƙwayoyin da suka daina jin maganin. Daga baya bincike a Jamus ya nuna cewa yawancin ƙananan tabon suna warkewa da kansu. Likita ne zai auna wanda ke buƙatar magani da wanda za a sa wa ido kawai.

Mutum mai lafiya ba kasafai wannan ƙwaya ke kama shi ba. Amma wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, tana iya sa masa ciwon huhu mai kama da tarin fuka. Irin wannan mutum kada a ba shi sharar barga ko jinyar duƙushi mai tari.

Aikin aji

Ana lissafa filasma da nauyin duƙushi, kamar mililita 20 ga kowane kilo ɗaya. Duƙushi mai kilo 50 zai sami mililita 1,000, wato lita ɗaya. Dawakinmu na gida sau da yawa 'ya'yansu ba su kai haka ba. Mililita nawa mai kilo 35 zai samu?

Wani ya ƙirga numfashin duƙushinsa na daƙiƙa 15, ya sami 13. A ninka sau huɗu. Nawa ke nan a minti ɗaya? Zai kira likita ko zai jira?

Goɗiya ta haihu da ƙarfe huɗu na asuba. Rubuta lokacin da ya kamata ɗanta ya miƙe, da lokacin da ya kamata ya kama nono, da lokacin da ƙofofin hanjinsa za su gama rufewa.

Kowa ya rubuta jimla biyu da hannunsa a kan bambancin dakashi da filasma, a karanta wa juna biyu-biyu.

Aikin gida

Je bargarka ko ta maƙwabcinka da safe lokacin shara. Durƙusa har kanka ya yi daidai da inda hancin duƙushi yake in yana kwance, ka dubi iskar wurin ta gefen da rana ke haskowa. Rubuta abin da ka gani, da taku nawa ne tsakanin turke da juji. Wanda ba shi da doki a kusa ya yi a garken tumaki ko wurin jaki. A zo da littafin ranar darasi na gaba, tare da ma'aunin zafi ga wanda yake da shi, za mu koyi karanta lambobinsa.